Yadda ake zaɓar kundin zane don intabiyu: na takarda ko na kwamfuta

Kullum ana gaya wa matasa masu zanen kwamfuta cewa zamanin takarda ya wuce, su ɗora komai a Behance su tura adireshin kawai. Tsofaffin hannu a harkar ɗab'i kuma su ce duk wanda bai zo da bugaggen kundi ba, bai shirya neman aiki ba. Dukkansu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: aikin da za a ɗauke ka ka yi, a ina yake ƙarewa, a kan takarda ko a fuskar waya?

Da farko dai ka binciki wajen. Idan maɗaba'a ce, ko masu yin kwalin kaya, kalanda, mujalla da katin biki, a takarda za su so ganin hannunka. Idan kuwa shafin intanet ne, ko manhajar waya, ko zane mai motsi, bugawa asarar kuɗi ce, don maɓallin da ba ya dannuwa ba abin da zai nuna musu. In ka rasa inda suka dosa, kira wanda ya gayyace ka, ka tambayi mutum nawa za su zauna da kai, kuma ko akwai babban allo a ɗakin. Ba wanda zai raina ka saboda wannan.

Sai tace ayyuka. Guda 8 zuwa 12 sun isa. Wanda ya fi kyau shi ne a gaba, mai bi masa kuma ka rufe da shi.

Ko wanne za ka ɗauka, ka fara haɗa PDF guda ɗaya, domin shi za a nema kafin a ga fuskarka. Gmail ba ya bari a tura abin da ya wuce 25MB a maƙale, amma ni ba na bari nawa ya wuce 10. In a Google Drive ka ajiye, buɗe izinin kallo, sannan ka gwada adireshin a wayar wani. In ta WhatsApp aka ce ka turo, tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don kada ya matse shi ya dusashe. Ranar intabiyu kuma fayil ɗin ya kasance a sauke cikin na'urarka, batir a cike, an rufe data. Babu abin da ke kashe jiki kamar mutum uku sun zuba ido suna jiran shafi ya buɗe, ko saƙon gida ya faɗo a tsakiyar bayani. Tablet ta fi laftof daɗin miƙawa. Waya kuwa, don Allah a bar ta a aljihu. Ba a auna zane a allon da bai kai tafin hannu ba.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna, wato bugawa.

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, shi ne RGB. Injin bugawa kuma da tawada huɗu, CMYK. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa amma tawada ba za ta iya ba. Shuɗi mai walƙiya zai fito ya karkata zuwa shunayya, kore mai ɗaukar ido ya koma kamar wanda ya sha wanki. Saboda haka kai da kanka za ka mayar da fayil ɗin CMYK, ka gyara abin da ya mutu, kada ka bar wa yaron shago ya yi maka a gurguje. Daga nan ka ce a fitar maka da shafi ɗaya tak, wanda ya fi yawan launi, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba a hasken rana. Sai ya yi maka za ka ce a buga sauran. Mai shago zai ce ai duk haka suke fitowa. Ka yi masa murmushi, ka biya kuɗin gwajin. Bai kai kuɗin sake buga kundi gaba ɗaya ba.

Hotuna su kasance 300 dpi a girman da za a buga su. Lissafin ba wuya: hoton da faɗinsa pixel 1080 ne, irin na Instagram, ba zai wuce kusan santimita 9 ba idan ana so ya fito tas. Ka ja shi ya cika A4, ka ga yadda zai farfashe. Idan launi zai kai har bakin takarda, bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ƙananan rubutu kuma a baƙin tawada zalla, K 100, in ba haka ba gefen haruffa zai yi inuwa.

Masu aiki da Hausa suna da ƙarin ciwon kai. Fon, wato salon rubutu, da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, kuma in kwamfutar shago ba ta da irin naka, sai ta musanya, haruffan nan su fito akwati-akwati. Kafin ka kai, mayar da duk rubutu ya zama zane: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator. Amma ka ajiye wani kwafi da ba a mayar ba, don bayan haka ba a iya gyara ko wasali ɗaya.

Takarda, ni tsakanin 170 da 250 gsm nake tsayawa, kuma marar sheƙi. Mai sheƙi tana maido da hasken fitila, tana riƙe shatin yatsu. A3 na burgewa, sai dai ba ta shiga jaka, a bayan babur kuma kusurwarta ke fara karyewa. A4 a kwance ta wadatar. Ɗaurin zobe na roba kada ma ka fara, kamar aikin ɗalibi yake sa kundi. Sa shafukan a warware cikin jaka mai kauri, ta yadda za ka cire wannan ka sa wancan gwargwadon wajen da za ka.

In kana da ainihin kayan da aka buga, kwalin sabulu ko katin ɗaurin aure, ɗauki biyu ko uku. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi.

A cikin ɗakin akwai bambancin da ba a cika faɗa ba. Da tablet kai ke riƙe da linzami, kai ke cewa a wuce. Da takarda kuwa, da zarar ka miƙa, wani zai fara daga ƙarshe, wani ya zare shafi ɗaya ya tsaya a kansa. Don haka kowane shafi ya ɗauki layi biyu: wa aka yi wa aikin, me ya nema, me ka yi da hannunka idan aikin haɗin gwiwa ne. Lokacin tashi ka bar musu kati mai lambar QR da ke kai su ga kundinka na intanet, kada ka bar kundin kansa.

In kuɗinka ba zai kai duka biyun ba, ka gyara PDF ɗinka ya yi tsaf, ka ari tablet, ka buga shafi huɗu kacal a takarda mai kyau. Wannan ya isa kusan kowace intabiyu.