Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Darasi Daga Sararin Samaniya

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon za mu yi nazari a kan abubuwa biyu da ke rikita masana taurari, domin idan suna da nisa sosai, ko da madubin hangen nesa aka duba, kowannensu ɗigon haske ne kawai.

Na farko shi ne hazon tauraro mai mutuwa. Idan tauraro irin Ranarmu ya tsufa, yakan kumbura ya yi ja, sannan ya watsar da iskar gas da ke jikinsa. Abin da ya rage a tsakiya ƙarami ne mai tsananin zafi, ana kiransa farin wada. Haskensa ne ke sa iskar ta yi ƙyalli kamar zobe.

Na biyu kuwa taurari biyu ne da ke zagaya juna: jan ƙato da farin wada. Ƙaton yana zubar da iska, wadan yana janye wani kaso, yana kuma haska sauran. Ana kiransu taurari masu zaman cuɗanya. Misalinsu shi ne Z Andromedae.

To, yaya ake bambance su? Masana sukan raba hasken zuwa launuka kamar bakan gizo. A shekarar 1864, William Huggins na Ingila ya yi wa wani hazo haka, ya ga layuka masu haske, ya gane cewa iskar gas ce. Matsalar ita ce su duka biyun suna nuna irin waɗannan layuka. Saboda haka ake ƙara duba alamu biyu:

1. Idan an ga alamar jan tauraro mai ƙarancin zafi a cikin launukan, to akwai ƙato a wurin, masu zaman cuɗanya ne.

2. Idan hasken yana ƙaruwa yana raguwa, wani lokaci har ya yi ƙarfi farat ɗaya, shi ma alamarsu ce. Hasken hazo bai cika sauyawa ba.

Me ya sa muka damu? Masana sun ce bayan kimanin shekara biliyan 5 Ranarmu za ta bi hanyar na farkon. Idan aka haɗa biyun a lissafi ɗaya, abin da za a koya game da ƙarshenta zai zo da kuskure.

Tambayar mako: me ake kiran abin da ke saura a tsakiyar hazon? A kawo amsa ga ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.