Nasiha ga Masu Goyo a kan Barcin Jarirai

Daga cikin mas'alolin da iyaye mata suke kawo mini a ɗakin awon yara, a nan Birnin Shehu, babu wadda ta kai ta barci yawa, domin da wuya a wayi gari ban ga mai goyo ba, idanunta jawur, tana cewa yaron nan ya mai da dare rana. Nakan fara da gaya mata haƙiƙanin al'amari, cewa sabon haihuwa yana barcin kimanin awa 14 zuwa 17 a wuni da kwana, amma gutsi-gutsi, saboda cikinsa ƙarami ne, nono kuwa ba ya jimawa a ciki. Don haka farkawarsa kafin wata shida ɗabi'a ce, ba illa ba.

Wasu daga cikin 'yan boko sukan tambaye ni hanyar Richard Ferber, likitan yara na Amurka, wanda a littafinsa na 1985 ya ce a kwantar da yaro shi kaɗai, in ya yi kuka a jinkirta, a leƙa shi, sannan a riƙa ƙara tazara. Ban ce ba ta da fa'ida ga wanda ya haura wata shida ba, sai dai an gina ta ne bisa gidan da jariri ke da ɗakinsa, alhali a gidajenmu, kafin kukan ya kai minti biyu, kaka ta ɗaga labule tana tambayar wane zunubi jikanta ya yi.

Abin da na ga ya fi dacewa da mu shi ne nizami, kuma Allah Ya hore mana lokutan salla. A yi wa jariri wanka bayan Magariba, a ba shi nono bayan Isha'i, a rage fitila, a sauke shi daga goyo tun yana gyangyaɗi, barci bai kwashe shi sarai ba, domin ya saba da shimfiɗarsa. A kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, ba matashi, ba tarin zannuwa, musamman a bazarar Sakkwato.

Amma ina roƙonku don Allah, 'yan uwana, kada ku ɗura wa jariri Piriton ko maganin tari domin ya yi shiru. Idan kukan ya zo da zazzaɓi ko ƙin kama nono, ku kawo shi asibiti a daren, kada ku jira safiya.