Darasi: Ruɗewar Tsufa Ciwo Ce, Ba Maita Ba

A karanta 2 Sama'ila 19:31-39.

Barzillai yana da shekara 80 sa'ad da sarki Dawuda ya gayyace shi zuwa Urushalima. Bai tafi ba, gama bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa kuma ya yi nauyi. Amma ku lura, hankalinsa garau yake, har ya roƙa wa Kimham alheri wurin sarki. Ashe tsufa dabam, ruɗewa dabam.

Waɗansu tsofaffi kuwa sukan ruɗe. Tsohuwa ta ci tuwo, ta ce an hana ta. Ta fita da dare, ta ɓace, a tsince ta a ƙofar gidan wani. Gari na wayewa sai a ce mayya ce. 'Yan'uwa, abin kunya ne a ji wannan magana a bakin mai bi. Ciwon ƙwaƙwalwa ne ke damunta. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana yadda ya ga ƙwaƙwalwar wata mata ta lalace bayan ciwon ya kashe ta.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da irin wannan ciwo. A 2023 Amurka ta yarda da wani sabon magani mai rage saurinsa kaɗan, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Rigakafi ne namu. A 2024 masana suka lissafta abubuwa 14 a mujallar Lancet, suka ce in an kau da su za a iya hana ko jinkirta kusan rabin ruɗewar tsufa.

Hawan jini yana cikinsu. Yakan ɓata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, shekara da shekaru, mutum bai sani ba. Je a auna ka tun kana da ƙarfi, ka rage gishiri, kada ka bar magani don ka ji sauƙi. Akwai ciwon suga, da taba, da giya, da zaman banza. Akwai kuma kurumta da kaɗaici: tsohon da ba ya ji yakan janye daga hira, har ya daina zuwa sujada. Zumuntar mata da dattawan ekklisiya, wa ke gaishe shi?

In tsohonku ya fara ruɗewa, ku kai shi asibiti, gama wata ruɗewar daga wani ciwo take, mai jin magani. Kada ku yi gardama da shi. Ku ɗinka sunansa da na unguwarku a cikin rigarsa.