Faɗuwar Gaba Ga Mai Ciwon Zuciya Ba Raunin Imani Ba Ce

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wasu bayin Allah ne waɗanda aka jarraba da rikicewar bugun zuciya, da kuma tsoron da kan biyo bayan wannan cuta. Da yawa cikinsu suna ɗauke da kaya biyu: ga ciwon, ga kuma zargin kai, domin sun ɗauka firgitar da suke yi alama ce ta ƙarancin tawakkali.

Da farko dai ya kamata a san yadda zuciya take aiki. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da yake fitar da lantarki mai rauni, shi ne yake ba zuciya umurnin bugawa. Baligi mai lafiya idan yana hutawa, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, wato kimanin sau 100,000 ke nan a yini da dare. Idan wannan lantarki ya rikice, sai bugun ya yi sauri ainun, ko ya yi nawa, ko ya riƙa tsallake. Wanda ya fi yawa cikin masu daɗewa shi ne karkarwar ɗakunan sama, inda suke rawa maimakon su matsa jini sosai. Jini yana iya daskarewa a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki yake ninkawa wajen sau 5 ga mai wannan lalura idan bai sami magani ba. Daga cikin sabubbanta akwai hawan jini, da tsufa, da shan giya, da lalacewar ƙofofin zuciya wadda takan samo asali daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun yarinta.

To, ina tsoron yake shigowa? Mutum yana kwance cikin dare sai ya ji ƙirjinsa yana dakan luguden da bai san dalilinsa ba, nan take ya ƙudurta cewa ajali ne ya zo. Tsoro kuwa yakan sa jiki ya saki wani sinadari mai suna adiranalin, shi kuma aikinsa ƙara wa zuciya sauri. Ashe ciwon yana haifar da tsoro, tsoron kuma yana ƙara rura ciwon. A kwana a tashi sai ka ga mutum ya daina zuwa kasuwa, yana gudun kaɗaici, barci ya ƙaurace masa, hannunsa kullum yana kan jijiyar wuyan hannu yana ƙidaya. Wani ma har sallar jam'i yakan bari don tsoron kada ya faɗi a cikin sahu. Idan abin ya daɗe, baƙin ciki mai nauyi yakan sauka, har mutum ya yi sakaci da shan maganinsa.

A nan ne 'yan'uwa sukan yi kuskure. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce ai mumini ba ya tsoron mutuwa. Alhali kuwa malaman Musulunci na farko sun san wannan cuta. Da Larabci ana kiranta hafaƙan, kuma Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayaninta a littafinsa Alƙanun, ya kuma nuna cewa tsoro da fushi da baƙin ciki suna sauya bugun jijiya. Kafin shi, Abu Zaid Albalhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya nuna cewa jiki da rai suna kamuwa da ciwon juna. Ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sananne dalili kamar rashi ko asara, da wanda yake zuwa ba dalili a fili, wanda ya danganta shi ga jiki, ya ce yana bukatar magani. Har ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana.

Kana kuma shari'a ba ta ɗauki tsoro na ɗabi'a ko baƙin ciki a matsayin laifi ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Suratu Ɗaha ta ambaci tsoron da Annabi Musa ya ji a ransa ranar haɗuwa da matsafa. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki. Wa ya isa ya ce waɗannan zaɓaɓɓu imaninsu ya yi rauni?

Saboda haka abin da ya wajaba ga majiyyaci shi ne ya je asibiti a yi masa awon zuciya na lantarki, wato ECG. Idan bugun yana zuwa yana tafiya ne, akwai ƙaramar na'ura da ake rataya wa mutum awa 24 ko fiye. Wannan awo yana da muhimmanci, domin firgici tsantsa da rikicewar bugu suna kama da juna, kuma akan ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Ya gaya wa likita tsoronsa da rashin barcinsa kamar yadda yake gaya masa ciwon ƙirjinsa, gama damuwa tana da magani, na baki da na sha. Ya kuma tambayi likita alamun da suke na haɗari, ya riƙe su: suma, ciwon ƙirji mai tsanani, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, rikicewar magana, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Waɗannan ba a kwana da su a gida. Sanin su yana rage fargabar abin da bai kai su ba.

Game da azumi, kada mai shan maganin hana daskarewar jini ya sauya lokacin shansa ko ya bar shi sai da shawarar likita. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, kuma karɓar rangwame ba gazawa ba ce. Zikiri da addu'a da karatun Alƙur'ani suna kwantar da hankali, a haɗa su da magani, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani.

Su kuma iyali da masu zuwa dubiya, su daina ba majiyyaci labarin wane da ya faɗi matacce. Su saurare shi, su raka shi asibiti, su ja shi zuwa masallaci da cikin jama'a sannu a hankali. Mutane masu yawa suna rayuwa shekaru masu tsawo da wannan lalura, suna sana'arsu da ibadarsu.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa abin ya zama kankarar zunubi. Allah ne mafi sani.