Kuɗi Sun Fita, Ba Su Isa Ba: Shawarwari Ga Magidantan Bagudo

Buhun shinkafa da ya taso daga Illo ba hannu ɗaya ke kai shi ba: ɗan dako ya ɗora, mai kwalekwale ya yi fito, direba ya karɓa a ƙetaren Kwara. Kuɗin da ake turawa ta waya ma haka suke. Manhajar OPay, Moniepoint ko ta bankinka ba ta kai kuɗi da kanta. Ta wata ƙofa da masana ke kira API take miƙa saƙonka ga injin da ke jera aiki daki-daki: ya tabbatar kai ne, ya cire kuɗin, ya miƙa wa NIBSS mai sada bankunan Najeriya, sannan ya jira amsar bankin mai karɓa.

1. Kada ka sake turawa. In an cire maka amma mai shago ya ce bai ga alat ba, galibi saƙon na tsaye ne a wani mataki, bai ɓace ba. Injin zai ƙarasa shi ko ya dawo da shi. Ka danna na biyu, sai duka biyun su shiga da daddare, kuɗin cefane sun tafi ninki. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mini rai, domin haƙuri kaɗan ke hana ta.

2. Ajiye rasit. Akwai lamba mai alƙaluma 30 a jikinsa, da ita banki ke bin sawun kuɗin. Mai POS ya ba ka takarda, ɗauki hotonta nan take, don tawadar na gogewa a aljihu.

3. Dubi saman wayarka. A Tsamiya da Lolo waya kan tsallaka layin Benin, MTN na can ko Moov, ba ka sani ba. Sai lambar tabbatarwa ta ƙi zuwa, aiki ya tsaya tun matakin farko. Shiga saiti ka zaɓi layin Najeriya da hannu kafin ka fara.

4. Suna ya zama ɗaya a BVN da NIN. Mutum yakan yi wa Muhammadu da Mamman uzuri, inji ba ya yi. Danna *565*0# ka ga BVN, *346# ka ga NIN. A duba na uwargida da na tsofaffi ma, su aka fi mantawa.

5. Lambar sirri taka ce kai kaɗai, ko da mai kira ya rantse daga banki yake.

6. In kuɗi ba su dawo ba, kai koke a rubuce ga bankinka ka karɓi lambar ƙorafi. Bayan mako biyu shiru, garzaya sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, da hoton rasit ɗin nan a hannunka.