Ɗora Wa Tsohon Keke Inji: Me Firam Zai Iya Ɗauka?

A zaurukan unguwar Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zazzau, ba a rasa tsohon keke Raleigh ko Phoenix jingine da bango, wanda kaka ya hau, uba ya gada, yanzu kuma ƙura ta rufe shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa abin hawa ya yi tsada, sayen babur kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi. Don haka ba abin mamaki ba ne yaro mai son ƙere-ƙere ya dubi keken nan ya ce: me zai hana a ɗora masa ɗan inji?

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Soichiro Honda na ƙasar Japan ya samo ƙananan injunan da sojoji suka bari, masu ba rediyo wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna yana sayarwa. Daga nan kamfanin Honda ya samo asali a 1948. A Faransa ma, cikin 1946 ɗin, aka fara sayar da VéloSoleX, keken da injinsa ke zaune bisa tayar gaba yana murza ta.

Injin da sabon shiga zai fi samu a yau ƙirar ƙasar Sin ne, mai bugu biyu, wato fistin ya hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, fulogi ya ba da wuta. Ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, sai a gauraya shi da fetur, wajen mililita 40 a kowace lita, ko yadda takardar injin ta faɗa. Wanda ya manta da wannan, fistin zai ƙone ya kafe. (Sau da yawa akan rubuta si-si 80 a kwalinsa, alhali ainihin girmansa bai wuce 66 ba.) Ana ɗaure shi da noti a cikin kusurwa ukun nan ta firam, tanki a sandar sama, sa'an nan sarƙa ta biyu ta tafi tayar baya ta gefen hagu. Wannan duk aikin yini guda ne ga mai sifana da haƙuri.

Wahalar tana jikin keken ne. Lafiyayyen mutum da ke tuƙa feda na tsawon sa'o'i yana ba da ƙarfi wajen wat 75 zuwa 100. Ɗan injin nan kuwa yakan ba da kusan ƙarfin doki 2, kowane doki wat 746. Ke nan an ɗora wa firam ɗin da aka ƙera don ƙafar ɗan Adam ƙarfin mutum goma sha biyar ko fiye, tare da girgiza sau dubbai a minti ɗaya.

A nan ɗalibin ilmin halittu zai tuna da ƙashi. Ƙashin ƙafa ma yana samun ƙananan tsaga idan aka yi ta ɗora masa nauyi, amma yana da rai: wasu ƙwayoyin halitta suna cinye wurin da ya lalace, wasu suna gina sabo. Ƙarfe ba ya warkewa. Duk tsagar da girgiza ta fara sai dai ta ƙaru, sannu a hankali, har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya. Masana na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Keken da ya shekara 40 yana ɗaukar buhun masara ya riga ya gaji, kuma tsatsa takan ci bututunsa daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka kafin a sayi komai, sai a wanke firam tas, a kai shi rana, a duba kowace mahaɗa, musamman ƙarƙashin wuyan keke da wurin feda. Fentin da ya tsage a layi ɗaya siriri alama ce. Firam ɗin da aka taɓa yi wa walda a bar shi, kuma kada a huda bututu don sa noti, domin bakin rami nan ne tsaga ke farawa.

Sai birki, wanda masu ɗoki suka fi mantawa da shi. Kuzarin abin da ke tafiya yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Keke da feda yana yin kamar kilomita 15 a sa'a. Da inji zai iya kaiwa 45. Gudu ya ninka sau 3, kuzarin da birki zai kashe ya ninka sau 9. Idan da keken yana tsayawa cikin mita 3, yanzu sai ya ci mita 27. A lungunan cikin birni, inda yaro ko akuya kan fito daga zaure ba sallama, mita 27 ta yi yawa. Birkin sanda na tsofaffin kekuna ba a yi shi don wannan gudu ba, da damina kuwa, idan ƙarfen taya ya jiƙe, kusan ba ya kamawa. Dole mai gyaran keke ya canza shi da mai ƙarfi, gaba da baya, ya kuma ɗaure wayoyin tayar baya, tun da su ne za su ɗauki jan sarƙar inji.

Kada a tayar da injin a cikin zaure ko ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jan sinadarin jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Gwajin farko a yi shi a fili bayan ganuwa, da hular kwano a ka, malami ko bakanike na tsaye, kuma bayan kowace tafiya a sake ɗaure notunan da girgiza ta sassauta.