Wake, Mayafin Ƙasa

'Yan'uwa, in mun bi ta Dzorwulu, nan kusa da Kawukudi, za mu ga lambunan latas da kabeji a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Mu lura da wurin da aka bari tsirara bayan an cire amfani. Ruwan watan Yuni a garin nan ba ya wasa, yakan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarkar, ya zuba ta cikin gota.

Maganinsa a rufe ƙasar da shuka. A ganinmu wake ya fi, amma mai yaɗo, ba mai tsayawa tsaye ba. A saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke jawo naitirojin daga iska ya zama taki. A zuba ƙwaya 2 ko 3 a kowane rami da ruwan Afrilu, don ya rufe ƙasa kafin Yuni.

Rigimar tana wurin harawa. Masu raguna a Nima da Maamobi na sonta, kuɗi ne kuwa. To amma in an kwashe duka, ƙasa ta koma tsirara ke nan. A yanke kar a tuge, saiwar ta zauna ciki, a shimfiɗa rabin harawar ta ruɓe a wurin.